Kujera Ɗaya, Ƙananan Hukumomi Uku: Tarihin Wakilcin Ƙasar Gaya da Ajingi a Majalisa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan tarihin mazaɓarmu ta tarayya, wadda takardun hukumar zaɓe ke kira Albasu, Gaya da Ajingi. Mun karɓi wannan aiki da farin ciki, domin mun lura cewa da yawa daga cikin matasanmu sun taso sun iske wannan haɗi na ƙananan hukumomi uku, har suna zaton tun fil azal haka abin yake. To ba haka yake ba. Mutane ne suka zauna da taswira suka zana iyakar, an zana wasu kafin ta, an kuma goge su. Wannan da muke ciki yanzu ta daɗe har ta matse mu kamar rigar yaro a jikin magidanci, kuma a kan haka ne muke so mu ja hankalinku.

Ba sai mun tsawaita a kan daɗewar Gaya ba. Kowane ɗan firamare na zamaninmu ya san labarin Abagayawa, maƙeran da suka tashi daga nan suka je gindin Dala neman tama. Tarihin sarakunan Kano ya kuma ambaci Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya hana gaisuwa shekara 3 a zamanin Sarkin Kano Dadi, har aka yi masa dabara aka kashe shi. Ma'anar wannan ita ce ƙasar Gaya ta daɗe tana da murya a harkar mulkin Kano. Sai dai murya ce ta sarauta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kukan talaka yana bin tsani ne: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa Sarkin Gaya a matsayinsa na hakimi, daga nan zuwa fadar Kano da ofishin Razdan. In kukan ya kai sama da ransa, to an yi sa'a.

Ƙuri'a ta fara shigowa ƙauyukanmu a 1951, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Makfasan. Amma ya kamata matasa su san irin zaɓen da aka yi, don kada su ɗauka irin na yau ne. Maza masu biyan haraji ne kaɗai ke taruwa a ƙauye su fitar da wasu daga cikinsu. Waɗannan su je gunduma su sake zaɓe, waɗanda suka tsira su hau mataki na gaba, har a kai ga taron ƙarshe na lardi, inda ake fitar da masu zuwa Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. A wannan mataki na ƙarshe En'e tana da ikon cusa nata mutane, waɗanda ba su bi ta ƙauye ba. Daga Kaduna kuma sai a tsamo masu zuwa Majalisar Wakilai ta Ikko. Da wannan tankaɗe da rairaya ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi rinjaye a matakan farko a cikin birni, amma ta tashi a tutar babu da aka zo ƙarshe. Manomin Toranke ko na Kademi ya ɗaga hannu a gindin bishiya, amma bai san sunan wanda hannun nasa ya kai Ikko ba.

Sai ranar 12 ga Disamba, 1959, mutumin Arewa ya zaɓi ɗan Majalisar Wakilai kai tsaye, a asirce, a ko'ina cikin jihar. Kujeru 312 ne a lokacin, 174 daga ciki na Arewa. Mai zaɓe yana shiga ɗaki shi kaɗai ya tarar da akwatuna, kowanne da alamarsa: fartanya ta NPC, masu kirarin Salama, da tauraro na NEPU, masu kirarin Sawaba. Iyayenmu mata kuwa suna gida, domin ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓe na 1979. Duk wanda ya ga tsawon layin mata a rumfunan zaɓenmu yau, ya tuna cewa kakanninsu an yi jamhuriya guda cur ba a tambaye su komai ba.

A wancan zamani ne ƙasar nan ta fitar da marigayi Alhaji Sule Gaya, malamin makaranta da ya bar allo da alli ya shiga Majalisar Jihar Arewa, ya zama minista a gwamnatin Sardauna, har ya riƙe ma'aikatar da ke kula da En'e-En'e, daga baya ya zama Sarkin Fadar Kano. Mu da muka yi aikin koyarwa muna ambaton wannan da ɗan alfahari, a yi mana afuwa. A lokacin, idan gari yana neman wanda zai tura majalisa, makaranta ake fara leƙawa, saboda a nan ne ake samun mai iya karanta takardar doka ya fahimci abin da ta ƙunsa. Tafawa Ɓalewa malami ne, Sardauna ya koyar, Malam Aminu Kano ma haka.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya rufe majalisun duka, kuma shekara 13 ba a sake buɗe su ba. A cikin wannan tsakani aka ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya raba jihar gida 20. Gaya tana cikin waɗannan 20 na farko, tare da Wudil da Dutse da Birnin Kudu da sauransu, kuma Ajingi tana cikin Gaya. A riƙe wannan, domin tun daga lokacin ƙaramar hukuma ta zama tubalin da ake gina mazaɓa da shi.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, Majalisar Wakilai tana da kujeru 449, tsohuwar Jihar Kano tana da 46 daga ciki, Majalisar Dokokin Jiha kuma tana da 138. Jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi ta kwashe 39 daga cikin 46 ɗin nan, da kujerun dattawa 5 gaba ɗaya. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya ɗaga darajar masarautar Gaya a 1981 tare da wasu, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, soja kuma suka share kowa da kowa a daren ƙarshe na wannan shekara. Ba za mu tsaya a nan ba, don rigimar Santsi da Taɓo magana ce ta yini guda.

Sai dai rigimar ba ta mutu ba, kuma ita ce ta buɗe wa ɗan garin nan ƙofar gidan gwamnati. An cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, muka wayi gari mun zama mutanen kan iyaka, Dutse da muke zuwa kamar unguwa ta koma babban birnin wata jiha. A zaɓen gwamna na Disambar wannan shekara, wanda aka yi ƙato bayan ƙato, jam'iyyar SDP mai doki ta fi ƙarfi a Kano, amma ta dare gida biyu a kan ɗan takara. Injiniyan zane Kabiru Ibrahim Gaya na NRC ya yi nasara, ya yi mulki daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993. Abin da aka fi mantawa da shi game da wannan jamhuriya, kuma shi ne ya fi shafar maganarmu ta yau, shi ne yadda aka tsara Majalisar Wakilai. A zaɓen Yulin 1992 kowace ƙaramar hukuma ɗan majalisa guda aka ba ta, kujerun suka kai 593. Ke nan Gaya, da Ajingi a cikinta, tana da nata wakili, Albasu tana da nata. Ƙasar da yau mutum ɗaya ke wakilta, mutum biyu ne suka wakilce ta a Abuja, har ranar 17 ga Nuwamba, 1993, da Janar Sani Abacha ya sallami majalisar.

A 1996 abubuwa biyu suka faru a lokaci guda, ɗaya muka yi masa biki, ɗayan kuma ba mu ko lura da shi ba. Na farko, an ƙara wa Kano ƙananan hukumomi 10, ta tashi daga 34 zuwa 44, kuma Ajingi tana cikin sababbin. An yi kiɗa, an yi sukuwa, kuma an cancanci yi. Na biyu, hukumar zaɓe ta wancan lokaci, NECON, ta sake yanka ƙasa zuwa mazaɓu 360, aka ba Kano 24. A nan ne aka ɗaure Gaya da Ajingi da Albasu da igiya ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya gaji wannan rabo kamar yadda ya same shi, kuma a kansa aka yi duk zaɓukan da suka biyo baya, daga na 1999 har zuwa na 2023. Hannun dama ya ba mu sakatariya da shugaban ƙaramar hukuma, hannun hagu ya karɓe mana kujera guda a Abuja.

Duk da haka ba za a ce ƙasar nan ta yi shiru a jamhuriya ta huɗu ba. A Majalisar Dattawa, mazaɓar Kano ta Kudu mai ƙananan hukumomi 16 ta fara da Mas'ud El-Jibrin Doguwa a 1999, sai Usman Kibiya Umar a 2003, sannan Sanata Kabiru Gaya ya riƙe ta shekara 16, daga 2007 zuwa 2023, lokacin da Kawu Sumaila ya karɓa. A cikin waɗannan shekaru ya shugabanci kwamitin ayyuka, daga baya kuma kwamitin da ke sa ido a kan hukumar zaɓe ta INEC. A Majalisar Dokokin Jiha, inda kujeru 40 ne ga ƙananan hukumomi 44, mun yi dace ba a haɗa mu da kowa ba: Gaya tana da tata kujera, Ajingi da tata, Albasu da tata. Daga kujerar Ajingi ne Abdul'aziz Garba Gafasa ya zama Shugaban Majalisa daga 2007 zuwa 2011, ya sake zama a 2019 har ya ajiye a Disambar 2020. A Majalisar Wakilai kuwa, Abdullahi Mahmud Gaya ya ci zaɓe a 2015 da 2019 ƙarƙashin APC, ya shugabanci kwamitin da ke kula da tacewa da rarraba man fetur, sannan a 2023 Dakta Ghali Mustapha Tijjani, ɗan Panda ta ƙasar Albasu, ya ci ƙarƙashin NNPP.

Mai lura zai ga wani abu a wannan jeri. A zaɓukan 2015 da 2019 da 2023, jam'iyyar da ta ci gidan gwamnatin Kano ita ce ta ci kujerarmu. Tun daga zamanin da kalmar "sak" ta shigo bakin 'yan siyasa a 2003, mutanenmu sun saba duba alama kawai, masara ko lema ko tsintsiya ko kwandon kayan marmari, su dangwala daga sama har ƙasa. Ba muna rage darajar waɗanda suka ci ba ne, kowannensu ya yi yawon neman ƙuri'a, ya sha rana. Amma wakilin da guguwa ta kawo ya san guguwa ce za ta iya kwashe shi, don haka idonsa ya fi karkata ga inda iska ke tasowa fiye da rumfar zaɓen Gurduba.

Yanzu bari mu zo ga lissafi, mu roƙi 'yan boko su fito da alƙalami. Mazaɓarmu tana da mazaɓun kansila 30, kowace ƙaramar hukuma 10. A ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, ƙananan hukumomin uku sun haura mutum 560,000. A wannan ƙidaya Nijeriya tana da mutum miliyan 140. In aka raba wa kujeru 360, kowane ɗan majalisa zai tashi da kimanin mutum 390,000. In ma Kano kaɗai aka ɗauka, mutum miliyan 9.4 a kan kujeru 24, amsar kusan ɗaya ce. Ke nan wakilinmu yana ɗauke da rarar mutum kusan 170,000 a kan abin da ya kamata. A cikin birni kuwa, ƙaramar hukumar Fagge, wadda yawan jama'arta a wannan ƙidaya bai wuce na Gaya ita kaɗai da wani abin kirki ba, in ma ya kai, tana da ɗan majalisarta ita kaɗai. Tarauni ma haka. Dukansu biyu kuwa sa'o'in Ajingi ne, rana ɗaya aka haife su a 1996. Ba ma yi wa mutanen Fagge hassada, da yawanku ma a can kuke kwana, kuma mun san birni ya cika ya batse tun bayan 2006. Abin da muke cewa shi ne ƙuri'ar mutumin Balare ba ta kai rabin nauyin ta mutumin Fagge ba a zauren majalisa, alhali sashe na 49 na tsarin mulki ya nemi mazaɓu su yi kusan daidai a yawan jama'a gwargwadon iko.

Wannan bambanci ba a kan takarda kaɗai ya tsaya ba. Tun zamanin Shugaba Obasanjo ake ware wa 'yan majalisa abin da ake kira ayyukan mazaɓu a kasafin kuɗi, kuma kujera ake bi wajen rabo, ba a ƙirga kawuna. Rijiyoyin burtsatse da azuzuwa da guraben aikin da wani zai zuba a ƙaramar hukuma ɗaya mai kwalta da asibitoci, namu sai ya yayyafa su a mazaɓu 30, daga Hungu har Kunkurawa. Ga manyan buƙatun da sai gwamnatin tarayya: hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta biyo ta Wudil ta ratsa ƙasarmu, wadda aka bayar da kwangilar tagwaita ta tun 2006, da ambaliyar da ke cinye gonakin bakin kogi a ƙasar Ajingi duk shekarar da ruwa ya yi yawa. Baki ɗaya ne zai faɗi wannan duka a cikin mutum 360.

Daga nan ne kuma rigimar karɓa-karɓa take samo asali. Duk kakar zaɓe sai mun ji ana cewa yanzu lokacin Ajingi ne, ko Gaya ta ci ta ƙoshi, ko Albasu ce saniyar ware. Mun ga abokan shekara 30 sun daina gaisawa a kan wannan. A ganinmu faɗa ne na 'yan uwa uku a kan bargo ɗaya da bai isa ba, kowa na ja, babu mai tambayar wanda ya yanka bargon. Dokar masarautu ta Yulin 2024, wadda ta maido da masarautar Gaya a daraja ta biyu bayan an rushe ta 2019 a watan Mayu, ta sanya mata waɗannan ƙananan hukumomi uku daidai. Zama tare dai ya kama mu ta ko'ina, saura mu san abin da za mu nema tare.

Me doka ta ce? Sashe na 73 ya ɗora wa INEC sake duba iyakokin mazaɓu a tsakanin da bai gaza shekara 10 ba, ya kuma ba ta dama ta yi haka bayan kowace ƙidaya. A lura da lafazin: ya hana gaggawa, amma bai hana jinkiri ba, kuma ta wannan kafa aka bi. An yi ƙidayar 2006 ba a taɓa iyakokin ba. Hukumar ta yi yunƙuri a zamanin Farfesa Attahiru Jega, bai kai ga gaci ba. A 2021 an ƙara rumfunan zaɓe har suka kai 176,846 a faɗin ƙasa, amma mazaɓu suna nan yadda soja suka bar su. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Kada mu ruɗi kanmu cewa abin mai sauƙi ne. Tun da adadin 360 a rubuce yake cikin tsarin mulki, ƙarin kujera gare mu yana nufin ko dai a sake yanka 24 ɗin Kano, wani ya rasa, ko kuma a gyara tsarin mulkin, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Ɗan majalisar da ke kan kujera ba zai yi ɗokin a taɓa iyakar da ta kawo shi ba. Saboda haka in maganar za ta tashi, daga wajen majalisa za ta tashi.

A nan ne muka zo kanku, 'ya'yanmu na birni. Ku gafarce mu, za mu faɗa muku abin da muke gani daga gida. A cikinku akwai lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Kwari da Singa. Amma mafi yawan zuwan da ake yi wurin ɗan majalisa, zuwa ne na neman takardar aiki ga ɗa, ko kujerar Makka, ko gudummawar biki. Wanda ya karɓi ambulan da safe ba ya iya tambayar ƙuduri nawa aka gabatar da yamma. Da haka aka mayar da wakili ma'ajin unguwa, shi ma ya gane cewa buhun shinkafa ya fi karanta kasafin kuɗi saurin kawo tafi. Mun sha ganin ginin aji biyu da fenti mai kyau da suna rangaɗau a bango, babu malami a ciki, babu benci. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun ayyukan mazaɓu, kasafin kuɗin tarayya kuma yana nan a intanet ga duk mai waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ku ne kuke da tsanin hawa rufin.

Sannan ga maganar katin zaɓe. Da yawanku a Kano ko Abuja kuka yi rajista, ranar zaɓe kuna ƙara wa mazaɓun da suka riga suka fi mu nauyi. Dokar zaɓe ta 2010 da ta 2022 duk sun yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito asali, kuma INEC tana karɓar buƙatar sauya wurin zaɓe. Ba mu ce kowa ya kwaso katinsa ba, wanda ya yi shekara 30 a Kaduna yana da haƙƙi a can. Amma mai zuwa gida duk Juma'a, mai gona a Shagogo da iyali a Dundun, ya duba lamarin.

Muna ba wa shugabannin ƙungiya shawarar su kafa ƙaramin kwamiti, a sa lauya da masanin taswira da wanda ya san alƙaluman ƙidaya, a gayyato 'yan uwanmu na Albasu tun daga zaman farko, kada su ji labari a bakin kasuwa. Aikin kwamitin shi ne rubuta takardar buƙata mai hujja, wadda za a miƙa wa INEC da kwamitocin gyaran tsarin mulki na majalisun tarayya duk lokacin da suka buɗe sauraron jama'a, a kuma ajiye kwafi a hannun Sanatan Kano ta Kudu da ɗan Majalisar Wakilai da 'yan majalisar jiha uku. Haka nan duk ranar da aka sa lokacin ƙidaya, ƙungiya ta tabbatar an shiga kowace ruga da kowane ƙauye, domin da alƙaluman wannan rana za a yi mana hukunci na wasu shekaru masu yawa. Muna kuma roƙon a mayar da shi al'ada, duk wanda ke riƙe da kujerar, ko daga wace jam'iyya yake, a ba shi minti 30 a wannan taro na shekara-shekara, ya zo da jerin ƙudurorin da ya gabatar da ayyukan da aka sa wa mazaɓar a kasafin kuɗi, sakatare ya buga su a wannan mujalla kusa da hotunan wuraren.

Ya Shugaban taro, mun ga mai kula da lokaci yana ɗaga mana takarda.